Filamboyan: Bishiyar da Ta Cika Duniya Kafin a San Mahaifarta

A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin bazara ya tsananta ana jiran ruwan farko, akwai wata bishiya a tsofaffin unguwannin Turawa da harabar makarantu da asibitoci da ke lulluɓe kanta da fure jawur. Ita ce filamboyan, wadda masana tsirrai ke kira Delonix regia. Saboda daɗewarta a nan, mutane da yawa sun ɗauka 'yar gida ce. Baƙuwa ce daga tsibirin Madagaska, kuma ta shekara kusan 100 tana yawo a biranen duniya kafin masana su gano dajin da take tsirowa da kanta.

Labarin ya faro ne a shekarun 1820, sa'ad da wani masanin tsirrai mai suna Wenceslas Bojer, mutumin Bohemiya, wato Jamhuriyar Cek ta yanzu, ya gamu da ita a garin Foulpointe da ke gabar gabashin Madagaska. Wadda ya gani ɗin shukakkiya ce, ba ta daji ba. Bojer mazaunin tsibirin Morishus ne, kuma ta can irinta ya kama hanyar sauran ƙasashe. A 1829 William Hooker ya buga bayaninta da sunan Poinciana regia, don tunawa da de Poincy, Bafaranshen da ya yi gwamna a tsibirin Saint Kitts a ƙarni na 17. A 1837 Constantine Rafinesque ya ware ta daga rukunin Poinciana, ya sa mata sunan da take amsawa har yau.

Zamanin mulkin mallaka ne, kuma lambunan gwamnati na musayar iri daga wannan gaɓa zuwa waccan. Duk inda ta sauka sai ta zama ta gida. Indiyawa na ce mata gulmohar. A Biyetnam ana kiranta furen ɗalibai, don tana fure daidai ƙarshen shekarar karatu, har ta zama alamar birnin Hai Phong. Ƙasar Saint Kitts da Nevis kuwa ta ɗauke ta a matsayin furen ƙasa.

Duk da wannan shahara, asalinta ya ci gaba da zama abin cece-kuce, domin ko'ina aka same ta hannun mutum ne ya dasa. Sai a 1932 wani Bafaranshe, Jacques Leandri, ya tarar da ita tana tsirowa da kanta a dajin Antsingy da ke yammacin Madagaska, cikin duwatsun farar ƙasa. Yanki ne mai dogon rani, inda itatuwa ke kaɗe ganye su jira damina. Wannan ya bayyana halinta: shi ya sa take jure fari, take tsayawa tsirara da hunturu, sannan ta yi fure gab da faɗuwar ruwa. Shi ya sa kuma ƙasarmu ta karɓe ta.

Gane ta ba wuya. Dangin wake ce, 'yar uwar tsamiya da gawo da bagaruwa. Tsayinta kan kai mita 10 zuwa 12, amma rassanta na bajewa gefe har faɗin inuwar ya ɗara tsayin. Ganyenta ƙanana ne birjik a jere bisa sili, kamar na ɗorawa. Furen na da kunnuwa 5: guda 4 ja ne, na biyar ya fi girma kuma yana da zanen fari da rawaya. Kwafson 'ya'yanta mai tauri ne, shafaffe, yakan kai santimita 60, ya daɗe a rataye bayan ya bushe. A tsibiran Karibiyan da shi ake yin caki. Akan rikita ta da wata 'yar uwarta, Caesalpinia pulcherrima, amma waccan ƙarama ce, tana da ƙaya, kuma furenta na da dogayen zaruruwa masu leƙowa waje.

Masu renon itace sun san ƙwayarta na da taurin ɓawo. Sai an ɗan kankare gefenta, ko an jiƙa ta cikin ruwan zafi ta kwana, kafin ta tsiro da wuri. Tana son rana sosai da ƙasar da ba ta riƙe ruwa. Girmanta da sauri, amma furen farko kan ɗauki shekara 5 ko fiye. Aibinta a saiwa yake: tana bin saman ƙasa, tana ɗaga daɓe, tana tsaga katanga, don haka fili ya fi dacewa da ita, ba tsakar gida mai ƙunci ba.

A Madagaska kuwa, sassabe da ƙona gawayi na ci gaba da cinye dazuzzukan yammacin tsibirin. Ita filamboyan, kyanta ya sa mutane suka yi ta dasa ta. Yawancin itatuwan da suka tashi tare da ita a dajin, waɗanda ba su da jan fure, ba su samu wannan gata ba.