Tari: Abin da ke Kawo Shi da Lokacin Zuwa Asibiti

Tari hanya ce da jiki ke bi wajen fitar da majina, ƙura ko wani abu da ya shiga hanyar numfashi. Mafi yawanci mura ce ke kawo shi, kuma yakan lafa da kansa. Magunguna irin su amoxicillin ba sa kashe ƙwayar cutar mura, don haka kada ka saya ba tare da likita ya rubuta ba. Ƙurar hunturu, hayaƙin itacen girki, taba sigari, asma da ƙwannafi duk suna jawo tari. Haka ma maganin hawan jini irin lisinopril yakan sa busasshen tari. Idan kana shan sa, kada ka daina da kanka, ka gaya wa likita ya canja maka.

Abin da muka fi dubawa shi ne tsawon lokacin tarin. Idan ya kai mako 2, musamman tare da rama, zufar dare ko zazzaɓi, ka je a gwada majinarka don tarin fuka. A Najeriya maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati. Ana shan sa aƙalla wata 6, kuma ana warkewa. Jinkiri shi ke sa mutum ya harbi iyalinsa.

Kada ka kwana a gida idan akwai jini a majina, ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi. Ga yaro, ka ƙirga numfashinsa na minti ɗaya yana natse. Sau 50 ko fiye ga ɗan wata 2 zuwa 11, ko sau 40 ga ɗan shekara 1 zuwa 5, alama ce ta nimoniya. Idan ƙasan ƙirjinsa na loɓawa ko ya kasa shan mama, a garzaya da shi asibiti.

Abinci ba ya warkar da tarin fuka, amma yana taimaka wa jiki ya maido ƙarfinsa. A ci wake, ƙwai, kifi, gyaɗa, zogale, gwaba da lemo gwargwadon hali, a sha ruwa sosai don majina ta saki. A tafasa madarar shanu, domin ɗanya tana iya ɗauke da ƙwayar tarin fuka. Cokalin zuma a ruwan ɗumi yana rage tarin dare, amma ba a ba jaririn da bai cika shekara 1 ba. Maganin tari mai kodin kuwa, tun 2018 gwamnatin Najeriya ta hana sarrafa shi da shigo da shi.