Kiɗan Samari a Talabijin na Ingila

A ƙasar Ingila, in aka tambayi wanda ya yi ƙuruciyarsa tsakanin 1964 da 1996 abin da ya kan yi ran Alhamis da maraice, da wuya bai ce yana zaune gaban akwatin talabijin yana kallon Top of the Pops ba. Wannan shiri ne na kiɗa da waƙa irin na samari, watau waɗanda Turawa su ke kira rock da pop. Gidan BBC ya yi shekara 42 yana nuna shi kowane mako, har ya zama al'ada a gidaje. Uba yana zaune yana tsaki, yana tambaya ko wancan mai gashi har kafaɗa namiji ne ko mace, 'ya'ya kuwa sun ƙura wa akwati ido, ba su ko ƙyaftawa. Amma mafi yawan abin da aka nuna cikin shekara goma na farko ya ɓace, kuma gidan BBC ne ya shafe shi da hannunsa.

An fara talabijin a Landan tun 1936, yaƙi ya sa aka rufe cikin 1939, ba a sake buɗewa ba sai 1946. Mutane ba su rungumi abin sosai ba sai cikin 1953, sa'ad da aka naɗa Sarauniya Elizabeth, fiye da mutum miliyan 20 suka kalli naɗin, waɗansu a gidajensu, waɗansu a gidan maƙwabta. Cikin 1955 aka buɗe ITV, wanda ya ke samun kuɗinsa daga talla. BBC kuwa ba ya talla, da kuɗin lasin da masu akwati su ke biya ya ke aiki. Daga nan gasa ta tashi tsakaninsu.

A daidai wannan lokaci ne sabon kiɗa ya ƙetaro daga Amurka. Asalinsa daga baƙaƙen fata na can ne, ya gauraya da kiɗan Turawan ƙauye na kudu, sa'an nan irin su Bill Haley da Elvis Presley suka yaɗa shi cikin farar fata. Samarin Ingila a lokacin suna da aikin yi, suna da 'yan kuɗi a aljihu, sai suka dinga sayen faifan garmaho. Amma rediyon BBC ba ya sa musu faifan sai kaɗan, domin akwai yarjejeniya da kamfanonin faifai da Jam'iyyar Makaɗa wadda ta ƙayyade yawan sa'o'in da za a sa faifai. Makaɗan suna tsoro kada faifai ya raba su da abincinsu. Saboda haka yaro ya kan raba dare yana murɗa rediyo, yana neman tashar Luxembourg, murya tana zuwa tana ɗaukewa.

Har zuwa farkon 1957 akwai wata doka, a kan rufe talabijin daga ƙarfe shida zuwa bakwai na yamma don iyaye su sami kwantar da ƙananan yara. Da aka janye dokar, sai BBC ya rasa abin da zai cika wannan sa'a da shi ran Asabar. Ran 16 ga Fabrairu, 1957, aka fara Six-Five Special, sunansa ya fito daga lokacin farawarsa, watau ƙarfe shida da minti biyar. Wani saurayi mai suna Jack Good yana cikin masu shirya shi. Dabararsa ita ce ya cika ɗakin da samari da 'yan mata, su yi ta rawa a gaban kyamara. Manyansa suna so a riƙa saka wasanni da 'yan jawabai masu amfani, shi kuwa kiɗa zalla ya ke so. Da ba su daidaita ba sai ya koma ITV, cikin 1958 ya fito da Oh Boy!, inda waƙa ta ke bin waƙa ba hutawa. A nan Cliff Richard ya yi suna.

Cikin Agusta 1963 ITV ya kawo Ready Steady Go! ran Jumma'a da maraice. Wannan ya shiga ran samari ƙwarai, don a cikinsa su ke ganin sabuwar rawa da sabon ɗinki. Cikin Afrilu 1965 Dusty Springfield ta gabatar da shiri guda na mawaƙa baƙaƙen fata na kamfanin Motown, da Supremes, da Temptations, da Stevie Wonder. Da yawa daga cikin masu kallo sun sha jin muryoyinsu, amma ran nan suka fara ganinsu ido da ido. Gani ya kori ji.

Ganin samari sun koma ITV, sai BBC ya yi shirin ramawa. Ran Laraba, 1 ga Janairu, 1964, aka fara Top of the Pops daga wani tsohon coci da aka mayar ɗakin talabijin a Dickenson Road, cikin birnin Manchesta. Rolling Stones da Dusty Springfield da Hollies suna cikin waɗanda suka fito ran nan, faifan Beatles kuwa shi ne na ɗaya a kasuwa. Niyyar farko 'yan makonni kaɗan za a yi. Kafin shekara ta ƙare an mai da shi ran Alhamis, cikin 1966 kuma aka kwashe shi zuwa Landan.

Johnnie Stewart, wanda ya ƙago shirin, ya kafa masa ƙa'idodi masu sauƙi. Kowane mako a kan lissafa faifan da suka fi kasuwa a kantuna, a jera su daga na ɗaya zuwa ƙasa. Waƙar da ta ke hawa cikin jerin ita a ke sawa, wadda ta fara sauka an sallame ta. Ba a sa waƙa mako biyu a jere sai ta ɗaya, ita ce kuma a ke rufe shiri da ita. Watau masu sayen faifai ne su ke zaɓen abin da za a gani, manyan BBC ba su da ta cewa sai kaɗan. Shi ya sa cikin rabin sa'a guda a ke iya ganin mai waƙar soyayya sanye da kwat, sai mahaukatan jita, sai Desmond Dekker na Jamaika, wanda ya hau na ɗaya cikin 1969. Wanda ya fito ran Alhamis kuma, ran Asabar faifansa ya kan yi kasuwa, ya ƙara hawa. Amma wani lokaci BBC ya kan taka ƙa'idar: cikin 1984 ya hana sa waƙar Relax saboda batsa, ga ta kuwa ita ce ta ɗaya har mako biyar.

Tun farko akwai gardama a kan abu guda. Mawaƙan ba waƙa su ke yi da gaske ba. A kan sa faifai, su kuwa su riƙa motsa baki, mai jita yana taɓa tsirkiya, mai ganga yana ɗaga sanda, sai ka ce su ke yi. Masu shiri suka ce abin da mutum ya saya a faifai shi ya ke so ya ji. Jam'iyyar Makaɗa ta ce wannan ha'inci ne, kuma yana hana 'ya'yanta aiki. Cikin 1966 jam'iyyar ta ci nasara, aka hana motsa baki a kan faifan kasuwa, aka ɗauki ƙungiyar makaɗa ta gidan a ƙarƙashin Johnny Pearson. Daga baya aka yarda mawaƙi ya sake naɗar waƙarsa musamman don shirin, ya motsa baki a kan wannan. In kuwa mai waƙa yana Amurka ko yana yawon wasa, sai 'yan mata masu rawa su cika gurbinsa. Waɗanda suka fi suna su ne Pan's People, daga 1968 zuwa 1976.

Cikin Nuwamba 1969 shirin ya bar baƙi da fari ya koma mai launi, mawaƙa kuma suka shiga gasar ado. Ran 6 ga Yuli, 1972, David Bowie ya fito da jan gashi da tufafi masu walƙiya, ya ɗora hannu bisa kafaɗar mai jitarsa, Mick Ronson, ya nuna kyamara da yatsa. Abin bai kai minti huɗu ba, amma mawaƙa da yawa na baya sun ce daren nan ne suka ƙudura abin da za su zama. A shekarun nan masu kallo su kan kai miliyan 15. Cikin 1979, sa'ad da ma'aikatan ITV su ke yajin aiki, sun haura miliyan 19. Masu ganin Top of the Pops wasan yara ne kuwa an yi musu nasu, The Old Grey Whistle Test, wanda aka fara cikin 1971, a ke nuna shi da dare ya yi nisa, babu 'yan rawa, babu ihu. A nan Bob Marley da Wailers suka fito cikin 1973.

Abin da ya karya shirin ya fara ɓullowa cikin 1975, da Queen suka aiko da ɗan fim na Bohemian Rhapsody maimakon su zo da kansu. Waƙar ta yi mako tara tana ta ɗaya. Kamfanoni suka gane fim ɗaya zai iya zagaya duniya mawaƙi yana kwance a gida. Cikin 1981 aka buɗe MTV a Amurka, mai nuna irin waɗannan finafinai dare da rana, cikin 1987 ya iso Turai. Wanda ya ke samun abu kullum ba zai jira Alhamis ba. Aka mai da shirin ran Jumma'a cikin 1996, sa'an nan ran Lahadi cikin 2005, masu kallo suna ta raguwa, ga intanet kuma ta shigo. Ran 30 ga Yuli, 2006, aka nuna na ƙarshe, bayan an yi fiye da 2,200.

To, yaya aka yi na farkon suka ɓace? Tef ɗin naɗar hoto na zamanin nan faɗinsa inci biyu ne, ga tsada, ga cin wuri. Amfaninsa a wurin ma'aikata shi ne ana iya shafe shi a naɗi wani abu a kai. Jam'iyyun 'yan wasa da makaɗa kuma sun ƙayyade yadda za a maimaita shiri, don haka tef ɗin da aka ajiye ba ya kawo ko kwabo. Bugu da ƙari, babu wanda ya zaci za a nemi waƙar samari bayan wata guda, balle bayan shekara hamsin. BBC bai kafa tsarin adana shirye-shiryensa na talabijin sosai ba sai 1978. Cikin shiri 500 na farko, kimanin 20 kaɗai suka tsira cikakku. Da na sani ƙeya ce.

Abin da ya ragu, yawancinsa tsintuwa ce. Wani guntun hoton Beatles ya tsira domin an are shi an saka cikin wasan Doctor Who a 1965. Sau ɗaya tak Beatles suka zo ɗakin shirin aka nuna su kai tsaye, ran 16 ga Yuni, 1966, wannan ma an shafe. Sai cikin 2019 aka sami daƙiƙa 11 nasa a hannun wani mai tara kayan tarihi a Meziko, ba murya, an ɗauka ne da ƙaramar kyamara daga fuskar akwati. Da labari ya bazu, wani mutum a Ingila ya fito da nasa mai daƙiƙa 92. Haka kuma cikin 2011 aka gane wani mai ɗaukar hoto ya ajiye wasan da Bowie ya yi a Janairu 1973, shekara 38 yana hannunsa bai san shi kaɗai ke da shi ba.

Cikin Afrilu 2011 tashar BBC Four ta fara maimaita tsofaffin shirye-shiryen bi da bi. Daga na 1976 ta fara, don daga nan ne mafi yawansu su ke nan. Yaran da suka kalla a dā, yanzu da furfura, suka koma gaban akwati tare da jikokinsu. Ba a daɗe ba wani mummunan labari ya fito. Jimmy Savile, wanda ya gabatar da shirin farko, yana kuma cikin masu gabatar da na ƙarshe, ya mutu a Oktoba 2011. Bayan shekara guda asirinsa ya tonu, ashe ya yi shekaru yana lalata da yara da mata. Rahoton 'yan sanda na Janairu 2013 ya lissafa laifi fiye da 200. Binciken da Dame Janet Smith ta yi, wanda ya fito cikin 2016, ya sami mutum 72 da ya cuta ta hanyar aikinsa na BBC, waɗansunsu a wurin Top of the Pops. Daga 2012 aka daina maimaita duk shirin da ya gabatar.

Saboda haka wanda ya zauna kallon tsohon kiɗan nan, rabin labari ya ke gani. Wani sashe an shafe shi don tsimin kuɗi, wani an kulle shi don kunya. Shirin ran 1 ga Janairu, 1964, babu shi, tsohon cocin na Manchesta kuma an rushe shi cikin 1975.