Kulawar Kangaru

Kulawar kangaru wata hanya ce ta jinyar jarirai bakwaini da waɗanda nauyinsu bai kai kilo 2.5 ba, inda ake ɗora jariri a ƙirjin mahaifiyarsa fata da fata na tsawon sa'o'i a kowace rana. An ƙirƙiro ta ne a shekarar 1978 a Instituto Materno Infantil, asibitin mata da jarirai da ke birnin Bogota, wanda a lokacin Jami'ar Ƙasa ta Kolombiya ke koyar da ɗaliban likitanci a cikinsa. Sunan ya samo asali daga kangaru, dabbar ƙasar Ostireliya da ke renon ɗanta a wata jaka da ke cikinta.

Tarihi

A ƙarshen shekarun 1970 asibitin yana fama da cunkoso. Kwalaben ɗumama jarirai sun yi kaɗan, har akan haɗa jarirai biyu ko uku a kwalba ɗaya, lamarin da ke yaɗa cututtuka a tsakaninsu. Wasu iyaye mata kuma, saboda daɗewar rabuwa, sukan tafi su bar 'ya'yansu a asibiti. Farfesa Edgar Rey Sanabria, malamin likitancin yara a jami'ar, ya fara mayar da jariran da numfashinsu ya daidaita ga iyayensu domin ɗumin jikin uwa ya maye gurbin kwalba. Dakta Héctor Martínez Gómez ya ci gaba da aikin tun daga 1979. A 1991 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba su biyun lambar yabo ta Sasakawa.

Yadda ake yi

Tsarin yana da ginshiƙai uku. Na farko shi ne riƙo: ana tsayar da jariri tsakanin nonuwan uwa, kansa a juye gefe guda, sanye da hula da kunzugu da safa kawai, a ɗaure shi da zane. Uba ko wani ɗan uwa na iya karɓar uwa idan ta gaji. Na biyu shi ne ciyarwa da nonon uwa, ko ta kofi ko ta siririn bututu idan jaririn bai iya tsotso ba. Na uku shi ne sallama da wuri, tare da dawowa asibiti a kai a kai don awon nauyi da duba idanu da ji da ci gaban ƙwaƙwalwa.

Bincike

Da farko likitoci da dama sun yi shakkar alƙaluman Bogota, domin ba a gwada tsarin ta hanyar kwatanta rukuni biyu ba. Daga 1993 Dakta Nathalie Charpak, likitar yara 'yar Faransa, da Dakta Juan Gabriel Ruiz na Jami'ar Javeriana da abokan aikinsu suka gudanar da gwaji a kan jarirai 746 masu nauyin kilo 2 zuwa ƙasa. Sakamakon da mujallar Pediatrics ta buga a 1997 ya nuna cewa tsarin bai ƙara mace-mace ba, ya kuma rage munanan cututtukan da ake ɗauka a asibiti. An sake bibiyar yaran bayan shekara 20, aka buga rahoton a 2017.

Gwaji mafi tasiri ya zo a 2021. Hukumar Lafiya ta Duniya ta jagoranci bincike a manyan asibitoci biyar a Indiya, Malawi, Tanzaniya, Ghana da Najeriya, ciki har da Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye a Kumasi da na Jami'ar Obafemi Awolowo a Ile-Ife. An duba jarirai 3,211 masu nauyin kilo 1 zuwa ƙasa da 1.8. Waɗanda aka fara wa kangaru nan take bayan haihuwa, kashi 12 cikin ɗari ne suka rasu cikin kwana 28, sauran kuwa kashi 15.7. A Nuwamban 2022 hukumar ta sauya ƙa'idarta: a fara kangaru nan take, sa'o'i 8 zuwa 24 a rana, sai dai idan jaririn ba ya iya numfashi da kansa ko yana cikin mawuyacin hali.

Koyarwa

Gidauniyar Canguro, wadda aka kafa a 1994, tana horar da likitoci da ma'aikatan jinya daga ƙasashe da dama, kuma shirin yana gudana a Asibitin Jami'a na San Ignacio a Bogota. Babban ƙalubale a yau shi ne gini da ma'aikata, domin fara kangaru nan take yana buƙatar gado da abinci da bayan gida ga uwa a cikin sashen jarirai, wurin da a da ba a barin ta ta kwana.