Yadda Aka Kama Galaksinmu Tana Cin Ƙanwarta

A shekarar 1962 masana taurari uku, Olin Eggen da Donald Lynden-Bell da Allan Sandage, suka kawo bayani a kan asalin galaksinmu, wato gungun taurarin da rana take ciki. A ganinsu, wani makeken gajimaren iskar gas ne ya durƙushe a kan kansa cikin ɗan ƙanƙanin lokaci, taurari suka samu daga gare shi. A 1978 Leonard Searle da Robert Zinn suka ja da wannan magana, suka ce taurarin da ke can gefe an tattaro su ne sannu a hankali daga ƙananan gungu daban-daban. Ra'ayin ya shiga kunne, sai dai babu wanda ya ga abin yana faruwa.

Shaidar ta zo a 1994, kuma ba ita aka fita nema ba. Rodrigo Ibata, ɗalibi a Jami'ar Cambridge, yana auna gudun taurarin tsakiyar galaksinmu sai ya ci karo da waɗansu da ke tafiya tare, gudunsu bai yi daidai da na maƙwabtansu ba. Shi da Gerry Gilmore da Mike Irwin suka gane cewa wata ƙaramar galaksi ce, ɓoye a bayan tsakiyar tamu, ana yagalgala ta. Aka raɗa mata suna Sagittarius. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, dunƙulen taurarin nan M54, wanda Charles Messier ya gano tun 1778, ashe a cikinta yake. An fi shekara 200 ana kallon baƙo ana zaton ɗan gida ne.

Ga yadda yagewar take. Ƙarfin janyowa na babbar galaksi ya fi kama ɓangaren ƙaramar da ke kusa da ita fiye da na nesa, sai taurari su riƙa suɓucewa, kamar gero daga hudajjen buhu. Amma shi gero baya kawai yake zuba. A nan, taurarin da suka fita ta ciki sukan wuce gaba, na waje su saura a baya, har su zama doguwar ƙorama mai hannu biyu.

A 2003 Steven Majewski da abokan aikinsa suka bi sawun ƙoramar Sagittarius, suka tarar ta naɗe galaksinmu. Tun da aka harba na'urar Gaia a 2013, an gano gommai irinta, waɗansu daga ƙananan galaksi, waɗansu sirara daga dunƙulen taurari. Yanzu lanƙwasarsu ake aunawa don a san nauyin abin da ke jan su, har da wanda ido ba ya gani.