Kwana Hamsin: Daga Ista Zuwa Fentikos

Kalmar Fentikos daga harshen Helenanci ta fito, ma'anarta kuwa "na hamsin". Ana fara ƙirga daga Lahadin da Ubangijinmu Yesu ya tashi daga matattu, rana ta hamsin ita ce Fentikos. A ikilisiyoyinmu da yawa, da zarar an gama hidimar Ista sai a naɗe zancen tashin Almasihu sai baɗi. Masu bi na farko ba haka suka ɗauke shi ba. A gare su kwanakin nan hamsin biki ɗaya ne.

Tushen ƙirgar yana cikin Littafin Firistoci sura 23. A lokacin Idin Ƙetarewa, kashegarin Asabar, akan kawo wa firist damin farko na girbi, wato na sha'ir, ya kaɗa shi a gaban Ubangiji. Ba wanda zai ci sabon hatsi sai an yi wannan. Daga ranar sai a ƙirga mako bakwai, a yi Idin Makonni, a kawo malmala biyu na gurasar sabuwar alkama. Manomi ya san abin da damin farko yake nufi: sauran gonar tana nan tafe. Shi ya sa Bulus, a 1 Korantiyawa 15:20, ya kira Almasihu nunan fari na waɗanda suka yi barci. Yesu ya tashi a ranar damin farko, Ruhu Mai Tsarki ya sauko a ranar idin girbi, mutum wajen 3,000 suka tuba aka yi musu baftisma. A wurinmu dai Fentikos yakan faɗo ne a farkon damina, ana shuka, shi ya sa sai malami ya bayyana wannan kafin jama'a su ga girbin da ke ciki.

Luka ya ce Yesu ya yi kwana 40 yana bayyana ga almajiransa, yana koya musu zancen Mulkin Allah. Ya ci abinci a gabansu, ya nuna wa Toma tabon ƙusoshi, ya tambayi Bitrus sau uku ko yana ƙaunarsa, daidai da musun da ya yi sau uku. Daga Dutsen Zaitun ya hau sama, ranar kuwa kullum Alhamis take faɗowa. Sauran kwana goman jira ne a Urushalima. Su wajen 120 suka nace da addu'a, har da Maryamu uwar Yesu da 'yan'uwansa, suka zaɓi Matiyas a madadin Yahuza.

Abin da ya faru a Ayyukan Manzanni sura 2 ya cancanci a karanta shi a natse, domin a nan ake yawan gardama. Aka ji ƙara kamar ta iska mai ƙarfi, aka ga harsuna kamar na wuta a kan kowannensu, suka fara magana da waɗansu harsuna. Waɗannan harsuna ne na mutane, waɗanda ake ji ana ganewa. Baƙin da suka zo idi daga Masar, da Libiya, da Roma, da ƙasar Larabawa, kowa ya ji ayyukan Allah da harshen da aka haife shi a ciki. Yawancinsu suna jin Helenanci ko Aramaik, da an yi musu wa'azi da ɗayan biyun da sun fahimta. Duk da haka Allah ya zaɓi ya yi wa kowa magana da harshen gidansu. A Babila an rikita harsuna aka watsa mutane, a nan kuwa an tara su ba tare da an shafe harshen kowa ba.

Wannan ya shafe mu. Tun 1932 muke da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, ya kuma haɗa Berom da Tangale da Bura da Bajju a kan benci ɗaya. Amma tsohuwar da Hausarta ba ta wuce ta kasuwa ba, tana da hakkin ta ji bishara da yarenta, aikin fassara kuwa ba almubazzaranci ba ne. Game da baiwar harsuna cikin sujada, Bulus bai hana ba, amma a 1 Korantiyawa 14 ya sa iyaka: mutum biyu, in ya yi yawa uku, bi da bi, da mai fassara. Wanda ke auna cikar Ruhu da ƙarfin murya kaɗai, ya dubi Bitrus. Alamar da aka gani a gare shi ita ce mutumin da ya ji tsoron baranya mako bakwai da suka wuce ya tsaya a gaban taro yana shaidar Yesu.

Ranar Ista tana sauyawa domin tana bin wata: Lahadi ta farko bayan cikar wata da ta zo a ranar 21 ga Maris ko bayanta. Don haka Ista takan faɗo tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu, Fentikos kuma tsakanin 10 ga Mayu da 13 ga Yuni. Majalisar Nikiya ta shekarar 325 ta umarta a riƙa yin addu'a a tsaye, ba a durƙushe ba, kowace Lahadi da kuma dukan kwanakin nan hamsin.