Daga Ambulan Zuwa Wayar Hannu: Tarihin Karatu Daga Nesa a Nijeriya

Da yawa sun ɗauka annobar korona ce ta haifi karatu daga nesa, alhali ta tarar da shi ne da furfurarsa. Tun zamanin Turawa, akawu ko malamin makaranta kan aika kuɗinsa Ingila, kwalejoji irin su Wolsey Hall su riƙa turo masa darussa ta gidan waya. Ya amsa tambayoyi a gaban fitilar ƙwai, ya liƙa kan sarki, sannan ya yi ta zuba ido makonni kafin takardarsa ta dawo da gyaran jan biro.

A 1976 gwamnatin soja ta ƙaddamar da shirin ilmin firamare na bai-ɗaya. Yara suka cika azuzuwa, ƙwararrun malamai suka yi ƙaranci. A shekarar ce aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa, wato NTI, a Kaduna, domin malamin ƙauye ya ƙaro ilmi ba tare da ya bar ajinsa ba. Littattafai na hannunsa, ƙarshen mako kuma ya hau keke zuwa cibiyar karatu.

Shugaba Shehu Shagari, wanda shi ma da alli ya fara, ya kafa Buɗaɗɗiyar Jami'a a 1983. Ba ta yi shekara ba sojoji suka dakatar da ita a 1984. Abin takaici ne, domin shekara 18 ta yi a kwance, sai a 2002 Shugaba Obasanjo ya tashe ta da sunan NOUN. Shi kansa ya zama ɗalibinta, har ya yi digirin digirgir bayan ya sauka daga mulki. Sannu a hankali rajista, jinga da wasu jarrabawa suka koma kan intanet, aka kuma buɗe cibiyoyi har a gidajen yari. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Kano ya jagorance ta daga 2016 zuwa 2021.

A watan Maris na 2020 aka rufe makarantu. Wasu jami'o'in kuɗi suka koma Zoom cikin 'yan makonni, na gwamnati kuwa ga korona ga yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, har zuwa Disamba. Jihohi irin su Kano da Kaduna suka juya ga tsohon amini, rediyo, kuma sun yi daidai, don shi ne ke kaiwa inda sabis ba ya kaiwa. A 2022 Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya da UNICEF suka ƙaddamar da manhajar Nigeria Learning Passport.

Ni dai abin da ya fi taɓa min rai shi ne matar aure da goyo a baya, ta gama tuwon dare, ta zauna bakin tabarma tana amsa jingar jami'a a waya. Cajinta na hannun mai shagon caji, datarta kuma daga kuɗin cefane take tsakurowa.