Yadda Likitoci Suka Koma Magudanar Ido

Duk watan Maris, idan makon faɗakarwa kan hawan jinin ido ya zagayo, tambaya ɗaya takan dawo bakin masu aikin ido: shin lokaci bai yi ba da asibitocinmu za su fara dasa 'yan mitsi-mitsin bututun nan da ake cusawa a magudanar ido, kamar yadda ake yi a Turai da Amurka? Masu goyon baya suna ganin an bar mu a baya. Masu adawa suna ganin almubazzaranci ne a ƙasar da manomin Dingaya, can ƙaramar hukumar Gwaram, ba ya zuwa asibiti sai ido ɗaya ya riga ya mutu. Kafin mutum ya ɗauki ɓangare, gara ya san inda abin ya samo asali.

A gaban ido akwai wani ruwa garai-garai, ba hawaye ba, wanda ido ke samarwa dare da rana. Yana fita ta wata siririyar raga da ke kusurwar da baƙin ido ya haɗu da farinsa, ya zuba cikin magudanar da ta kewaye baƙin ido, daga nan ya bi jijiyoyin jini. Idan ragar ta toshe, abin da ke faruwa da tsakar gida ranar da rariya ta cushe da damina shi ke faruwa: ruwa na shigowa, babu mafita. Matsi ya ƙaru, jijiyar gani ta riƙa mutuwa a hankali, daga gefe zuwa tsakiya, ba zafi ba ja. Abin da ya tafi kuwa ba ya dawowa.

Mutanen da ba su bambance wannan da yanar ido ba. Hakiman Girka da na Larabawa sun dai lura akwai makantar da ba ta jin allurar ture yana, kuma a 1622 wani Bature ɗan Ingila, Richard Banister, ya rubuta cewa irin wannan ido tauri gare shi idan an taɓa. Masu ture yana da suka daɗe suna yawo kasuwannin ƙasar Hausa su ma iyakarsu ke nan.

A 1830 Friedrich Schlemm, masanin sassan jiki a Balin, ya ga magudanar a idon gawar wani da ya mutu ta hanyar rataya, domin jini ya cika ta har ta fito fili. Sunansa take amsawa har yau. A 1857 Albrecht von Graefe ya nuna cewa yanke ɗan yanki daga baƙin ido na ceton wanda ciwon ya taso masa farat ɗaya. Sai dai wannan bai taɓa irin namu ba, mai shigowa a ɓoye. Maganin ɗigawa na farko kuwa daga ƙasar nan ya fito. Waken Kalaba, wanda Efik ke ba wanda ake zargi da maita ya ci don a gane gaskiyarsa, 'yan mishan na Sikotlan suka kai Edinbara, aka tace sinadarinsa, kuma a 1876 Ludwig Laqueur ya nuna yana sauke matsin ido. Shi kansa Laqueur yana fama da cutar.

Daga nan aka shiga zamanin huda ido a saka wani abu don kada hudar ta rufe. A farkon ƙarni na ashirin an gwada gashin doki a Faransa, a 1912 aka gwada zaren siliki, daga baya har da zinariya. Duk suka ci tura, saboda jiki ba ya barin rauni a buɗe: tabo yake yi ya toshe hanyar.

A shekarun 1950 Morton Grant na Boston ya gwada idanun matattu, ya gano cewa kusan kashi uku cikin huɗu na abin da ke tare ruwan yana wurin ragar nan ne. Hankali ya ce a buɗe ragar kawai. Abin da John Cairns na Kambirij ya yi niyya ke nan a 1968, lokacin da ya yanke ɗan yankinta don ruwa ya shiga magudanar Schlemm kai tsaye. Aikin ya yi kyau, amma ba ta hanyar da ya zata ba. Ruwan bai bi magudanar ba, ya sulale ta ƙarƙashin fatar farin ido ya taru ya zama ɗan ƙullutu, jiki na shanyewa. Wannan tiyata, tirabekulektomi, ita ce har gobe ake yi a Kano da Kaduna da Bauci. Da ta samu karɓuwa sai aka yi watsi da magudanar shekaru kusan talatin.

To me ya dawo da likitoci kanta? An fi cewa ci gaban ƙere-ƙere ne, wato sai da aka iya sassaƙa ƙarfe ƙasa da milimita ɗaya. Wasu kuma suna cewa kasuwa ce: da tiyatar yana ta zama aikin minti goma sha biyar ta 'yar ƙaramar huda, kamfanoni suka nemi abin da za su sayar wa likita ya cusa ta wannan hudar. Duka biyun akwai ƙamshin gaskiya, na biyun ma ya fi. Amma ni a ganina an manta da idon baƙar fata. Tiyatar Cairns ta fi saurin toshewa a idon ɗan Afirka, domin ya fi yin tabo, ga shi cutar ta fi kama mu da wuri, ta fi tsanani. Ba banza ba ne Anthony Molteno, wanda ya fito da bututu mai faranti a 1969, a Afirka ta Kudu ya fara aikinsa, George Baerveldt mai irin wannan bututu na 1990 shi ma can ya yi karatu. Sai kuma Robert Stegmann na Piritoriya, wanda ya gaji da ganin ƙullutu na toshewa ko yana ɗaukar ƙwayar cuta a idon talakan da ba zai iya dawowa asibiti ba. Ya koma wa magudanar Schlemm, yana buɗa ta da wani ruwa mai kauri, ya kuma wallafa sakamakonsa kan baƙaƙen fata a 1999. Mai musu zai ce Stegmann ta waje ya shiga, bututun yau kuwa ta ciki ake saka su, hanyar da Otto Barkan ya bi tun shekarun 1930 a idon jarirai. Haka ne. Amma shi ya tuna wa duniya cewa magudanar babba tana iya sake aiki.

A Kalifoniya aka kafa kamfanin Glaukos a 1998, kuma a 2012 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da iStent na kamfanin, ɗan bututun ƙarfen titaniyam mai tsawon milimita ɗaya, wanda ake sokawa ya ratsa ragar. A 2018 Hydrus ya biyo, mai tsawon milimita 8, wanda ke kwanciya cikin magudanar ya tokare kashi ɗaya cikin huɗu na kewayenta. A shekarar ce kuma aka janye wani bututun mai suna CyPass daga kasuwa, bayan an ga yana cinye ƙwayoyin da ke bayan gilashin ido. Shi ba a magudanar Schlemm ake saka shi ba, amma ya isa ishara ga masu rawar ƙafa kan duk sabon abu.

Mu dawo gida. Asibitin ido na ECWA a Kano, wanda 'yan mishan suka buɗe a 1943, shi ne inda mutanen kudancin Jigawa suka daɗe suna dosa, kafin Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna da Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu. Binciken makanta na ƙasa da aka yi daga 2005 zuwa 2007 ya nuna yana ce kan gaba wajen makantar da 'yan shekara 40 zuwa sama, hawan jinin ido na biye da kimanin kashi 17 cikin ɗari. Dokta Fatima Kyari da abokan aikinta sun fitar daga alƙaluman cewa mutum 5 cikin 100 na wannan rukuni na da cutar, waɗanda suka san suna da ita ba su kai kashi 6 cikin ɗari ba, kuma ɗaya cikin biyar ya riga ya makance. A Bauci, maƙwabciyar Gwaram, Dokta Mohammed Abdull ya tarar mafi yawa suna zuwa a makare, kuma kaɗan ƙwarai ke yarda a yi musu tiyata. Ban ga laifinsu ba. Wanda aka cire wa yana gobe yana gani, wannan kuwa ana ce masa za a yanka ido don kawai kada ya ƙara lalacewa.

A nan gardamar take karyewa. Yawancin bututun an amince da su ne don cuta mai sauƙi ko matsakaiciya, galibi tare da cire yana. Ba sa iya sauke matsi ƙasa da na jijiyoyin da ruwan ke zuba ciki, alhali wanda jijiyar ganinsa ta kusa ƙarewa matsi na can ƙasa yake buƙata. Ga kuma tsada. Sayo su don majinyacin Dingaya na yau kuskuren lissafi ne.

Amma tunanin da ya haife su bai da tsada. A 2014 likitoci a Dalas suka bayyana hanyar zura siririn abu ya kewaye magudanar a tsaga ragar gaba ɗaya ta ciki, kuma ana iya yi da zaren ɗinkin tiyata na roba. A Moshi ta Tanzaniya, gwajin da aka wallafa a 2021 ya nuna haska ragar da leza ya fi ɗigon timolol riƙe matsi bayan shekara ɗaya. Zaren yana buƙatar madubin tiyata, da gilashin leƙa kusurwar ido, da likitan da hannunsa ya faɗa. Lezar tana buƙatar na'ura guda da wutar da ba ta yankewa. Dukansu kuma suna jiran ma'aikacin lafiya a Sara ko Basirka ko Dingaya da zai iya auna matsin ido da leƙa jijiyar gani ga duk ɗan shekara 40 da ya shigo, musamman wanda mahaifinsa ko yayansa ya makance ba tare da yana ba.